An Yi Guɗa A Fensilbaniya, An Yi Kuka A Ohayo

Ran Litinin, 20 ga watan Janairu na 2025, ƙungiyar ƙwallo ta Jami'ar Jihar Ohayo ta doke Notre Dame da maki 34 da 23 a birnin Atlanta, ta zama zakarar jami'o'in Amurka baki ɗaya. Ba a cika mako guda ba sai labari ya ɓulla cewa Jim Knowles, watau mutumin da ya shirya mata 'yan bayanta har shekara uku, ya naɗe tabarmarsa ya koma Penn State, abokiyar hamayyarta da ke maƙwabciyar jihar Fensilbaniya. Ladan da aka yanka masa can ya kai dala miliyan 3 da dubu 100 a shekara, na tsawon shekara uku, kuɗin da ba a taɓa biyan wani mai irin aikinsa ba a wasan jami'o'i. Ran Lahadin da aka taru a filin wasa na Kolombus don bikin kofi, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

A Fensilbaniya sai guɗa. Magoya baya suka ce ai magana ta ƙare, bana kofi nasu ne, tun da sun raba maƙiyi da garkuwarsa. A Ohayo kuwa sai zagi, wasu suna kiransa maci amana, wasu suna ɗora laifin kan hukumar jami'ar da ta bari ya suɓuce. Ana cikin haka ne, a watan Fabrairu, babban kocin Ohayo Ryan Day ya ɗauko wanda zai gaji Knowles. Da aka ji sunan Matt Patricia sai zagin ya koma kuka. Masu buga waya gidajen rediyon wasanni da masu rubutu a jaridu, galibinsu ba su ɓoye baƙin cikinsu ba. Tambayarsu ɗaya ce: duk faɗin Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da kofi ta rasa wanda za ta ɗauka sai wannan?

Na san mai karatu zai ce ina ruwanmu da wasan da ko a talabijin ba mu cika kallo ba. To, ruwanmu shi ne halin ɗan kallo ɗaya ne ko ina ya ke, kuma ba kullum a kan sami magana irin wannan ba, wadda aka ji abin da jama'a suka faɗa tun da fari, sa'an nan wata goma ba su cika ba aka ga yadda ta kaya. Har wa yau 'ya'yan 'yan Nijeriya mazauna can suna da yawa cikin wasan. A cikin ƙungiyar da ta ɗauki kofin nan ma akwai Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan ƙasar nan ne.

Amma bari in fara da bayanin aikin, gama in ba a san shi ba ba za a gane abin da a ke jayayya a kansa ba. Wannan wasa ba tamaular da muka saba ba ce. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, da hannu a ke rungumarsa a ruga, ko a jefa wa ɗan'uwa. Tsawon filin yadi 100 ne, kowane gefe mutum goma sha ɗaya. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su matsa gaba yadi 10. In sun matsa a sabunta musu wasu huɗu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ƙwallo ya ci maki 6, da ƙarin 1 in an buga ya bi tsakanin sanduna. Bugun sanduna shi kaɗai kuwa maki 3 ne.

Babban abin da ya raba shi da namu shi ne kowace ƙungiya runduna biyu ce, 'yan gaba da 'yan baya, kuma ba sa shiga fili tare. In 'yan gaba sun rasa ƙwallo sai su fita duka, wasu goma sha ɗaya su shigo su yi tsaro. Saboda haka kowace runduna tana da kocinta a ƙarƙashin babban koci. Shi kocin 'yan baya, duk sa'ad da aka tsai da wasa za a sake farawa, yana da abin da bai wuce daƙiƙa 40 ba ya cinki abin da abokan gaba za su yi, ya faɗa wa yaransa inda kowa zai tsaya: mutum nawa za su afka wa mai jefa ƙwallo, nawa za su ja baya su jira, wa zai bi mutum sau da ƙafa, wa zai tsare yanki. Tun daga 2024 an yarda ya yi magana ta 'yar rediyo da ke cikin hular kwanon yaro ɗaya, wadda a ke katsewa in saura daƙiƙa 15. Haka zai yi ta yi kamar sau sittin ko saba'in a wasa guda. Wasannin da aka tsara wa kowace jami'a a shekara kuwa 12 ne kacal, saboda haka kashi ɗaya da aka sha yana iya ɓata shekara sukutum.

Rashin sa'ar mai wannan aiki shi ne, in ya canka daidai ba a ganin kome, sai dai a ga mutane sun taru sun faɗi wuri ɗaya an tashi. In ya kuskure kuwa, mutum fiye da dubu ɗari da ke filin Kolombus za su ga yaro yana sheƙa gudu yadi tamanin ba kowa kusa da shi. Mu ma mun san wannan. Duk wasannin da Godwin Odiye ya yi wa Green Eagles, abin da aka fi tunawa da shi har gobe shi ne ƙwallon da ya sa wa kai ya faɗa ragarmu a Legas ran da muka kara da Tunisiya cikin Nuwamban 1977.

To, yanzu ga tuhumar da mutanen Ohayo suka yi wa Patricia, kuma ba zan rage mata kome ba, don ba ƙarya suka yi ba. A 2018 ƙungiyar Detroit Lions ta gasar ƙwararru ta NFL ta ba shi babban koci, bayan ta sallami Jim Caldwell wanda ya ci wasa 9 cikin 16 a shekararsa ta ƙarshe, wai bai isa ba. Patricia ya zo gyara sai ya ɓata. Kafin a kore shi cikin Nuwamban 2020 ya ci wasa 13, an ci shi 29, an yi kunnen doki ɗaya, kuma waɗansu manyan 'yan wasansa sun fito fili sun ce ba su ji daɗin zama da shi ba. A 2022 tsohon maigidansa Bill Belichick na New England Patriots ya damƙa masa 'yan gaba, aikin da ba nasa ba, abin bai yi kyau ba. A Disamban 2023 Philadelphia Eagles suka miƙa masa ragamar 'yan bayansu ana tsakar rikici, cikin wasa biyar suka ci ɗaya tak, aka yi waje da su da maki 32 da 9 a hannun Tampa Bay. A 2024 ba shi da ƙungiya sam. Rabonsa da horad da ɗaliban jami'a kuma tun 2003, yana ƙaramin mataimaki a Syracuse. Ko kofunan da ya ci yana kocin 'yan bayan Patriots a 2015 da 2017, masu suka cewa suka yi ai Belichick ne ke yin tunanin, shi dai gemu ne da fensir a bayan kunne.

Wanda aka jera masa wannan tarihi ya ce hankalinsa bai tashi ba, to, ba ya son ƙungiyarsa. Ban ga laifin fargabarsu ba. Inda na ke ganin sun kuskure shi ne sun auna mutum da mudun da ba nasa ba. Aikin babban koci sarauta ce: rarrashin manya, hukunta masu laifi, magana da 'yan jarida, zaɓen ma'aikata, riƙe zukatan mutum hamsin da wani abu waɗanda wasunsu sun fi ka albashi. Aikin kocin 'yan baya kuwa malanta ce da lissafi. Sau nawa muka ga malamin da ya ƙware a aji, aka ɗaga shi aka ba shi hedimasta, makaranta ta lalace a hannunsa? In an mai da shi aji ba a ce ya manta da karatu ba. Patricia injiniyan jiragen sama ne ta wajen karatu, daga kwalejin Rensselaer, kuma ya yi shekara shida cur, daga 2012 zuwa 2017, yana wannan aiki na 'yan baya a ƙungiyar da ta fi kowace cin wasa a wancan zamani. Cikin abubuwa ukun da aka fi yi masa gori da su, ɗaya sarauta ce, ɗaya aikin wani ne aka ɗora masa, ɗaya kuma gobara ce aka kira shi kashewa bayan ta ci rabin gida. Aikin da Day ya ɗauke shi ya yi, ba shi cikin ukun.

Ga yadda ta kasance. Ran 30 ga Agusta, 2025, Teksas ta zo Kolombus tana lamba ɗaya a jerin ƙungiyoyin ƙasar, da Arch Manning mai jefa mata ƙwallo wanda a ke ta kururutawa. Aka tashi 14 da 7, Ohayo ke da rinjaye, har da wani wuri da Teksas ta zo saura yadi ɗaya ta ƙetare layi aka tokare ta. Daga nan har ƙarshen Nuwamba Ohayo ta ci wasanninta 12 duka, kuma ba wanda ya sami fiye da maki 16 a kanta. In an tara abin da aka ci ta duka maki 93 ne, watau bai kai 8 a kowane wasa ba. Rundunar Knowles da ta ɗauki kofi, wadda ita ce ta ɗaya a ƙasar a shekararta, kusan 13 a ke cin ta. A tuna kuma mutum takwas daga cikin waɗancan 'yan baya sun riga sun tafi NFL tun watan Afrilu. A ƙarshe suka je har gida suka ci Mishigan 27 da 9, bayan shekara huɗu a jere Mishigan tana ba su kashi. Nan da nan waɗanda suka yi kuka a Fabrairu suka koma roƙon Allah kada wata ƙungiyar ƙwararru ta zo ta ɗauke musu Patricia.

Sai dai ni wannan yabo ma ban saye shi duka ba. Mutumin ya yi aiki, ba shakka. Masana sun yaba yadda ya ke ɓad da kama, ya nuna wa mai jefa ƙwallo tsari ɗaya kafin a fara, da an taɓa ƙwallo sai yaran su rikiɗe su koma wani. Amma wa ya tara masa yaran? Caleb Downs, wanda da yawa ke ganin ba ɗan baya kamarsa a jami'o'i a wannan shekara, tun Janairun 2024 ya taso daga Alabama bayan Nick Saban ya yi murabus. Sonny Styles da Arvell Reese da Kayden McDonald duk a gidan ya tarar da su. Day kuma bai taɓa sauran mataimakan ba. Larry Johnson, dattijon da ke horad da ƙartin sahun gaba na 'yan baya, yana nan tun 2014, kuma abin dariya shi ma daga Penn State ya zo. Ai ko wane gwanin maɗinki aka ba wannan yadi zai fitar da riga. Bambancin gwani da wanda ba gwani ba yana nan, amma bai kai girman da 'yan kallo ke ba shi ba, ko a wajen yabo ko a wajen zagi.

Can Fensilbaniya kuwa abin tausayi ne. Sun shiga shekarar suna lamba biyu a ƙasar. Ran 27 ga Satumba Oregon ta zo gidansu, filin ya cika maƙil kowa sanye da fari, aka ci su 30 da 24 bayan ƙarin lokaci sau biyu. Wannan kam ba laifin Knowles ba ne, don 'yan gabansu maki 3 kawai suka iya samu har aka shiga kashi na huɗu na wasan. Mako guda bayan haka suka je Los Anjalis wajen UCLA, ƙungiyar da aka ci wasanninta huɗu na farko har ta kori kocinta, sai ga shi ta zuba musu 42, su suna da 37. Wannan nasa ne, ba makawa: mai jefa ƙwallon UCLA, Nico Iamaleava, da ƙafarsa ya ƙetare layi sau uku. Ran 11 ga Oktoba Northwestern ta ci su 22 da 21 a gida, mai jefa musu ƙwallo Drew Allar ya ji raunin da ya gama masa shekara, 'yan kallo suna ihu a kori babban koci James Franklin. Kashegari aka kore shi, bayan shekara goma sha ɗaya da rabi yana riƙe da su. Ran 1 ga Nuwamba Knowles ya koma Kolombus a matsayin baƙo, tsofaffin yaransa suka ga an ci sababbin yaransa 38 da 14. Sai da aka ci Penn State sau shida a jere.

Shin Knowles ya manta da aikinsa ne cikin wata tara? Ko kusa. Da masu guɗar sun duba tarihinsa da kyau da sun ga cewa tuwonsa ba ya nuna da wuri. A Oklahoma State ya fara a 2018, sai a shekararsa ta huɗu sunansa ya fito. A Ohayo ma shekararsa ta farko, 2022, Mishigan ta zo Kolombus ta ci su 45 da 23, har wani Donovan Edwards ya tsere musu yadi 75 ya sake tserewa yadi 85 cikin 'yan mintoci. Wata guda bayan haka Jojiya ta ci su 42 da 41. A lokacin mutanen Ohayon nan da suka kira shi maci amana don ya tafi, da yawansu so su ke a kore shi. Tsarinsa mai yawan sassa ne, sai yaro ya daɗe cikinsa kafin ya daina tunani ya riƙa motsi kawai. Penn State kuwa ta saye shi ne don cin kofi a shekara ɗaya, gama manyan 'yan wasanta da suka fasa tafiya NFL shekara ɗaya ta rage musu. Bugu da ƙari yaran nan sun yi 2023 a hannun Manny Diaz, 2024 a hannun Tom Allen, ga 2025 a hannun Knowles, watau yare uku cikin shekara uku. Gwarzonsu Abdul Carter kuma ya riga ya tafi, shi ne mutum na uku da aka zaɓa a NFL a Afrilun 2025.

Akwai kuma abin da guɗar ta rufe. Ciwon Penn State a ƙarƙashin Franklin ba a baya ya ke ba. Diaz da Allen duk sun bar runduna mai kyau, kuma ba korarsu aka yi ba, wani aiki suka samu. Ciwon shi ne in an haɗu da manya sai a kasa. Sau goma sha ɗaya Franklin ya kara da Ohayo, sau ɗaya ya ci, a 2016. Ɗaukar kocin 'yan baya mafi tsada a ƙasa ya sa jama'a sun ji kamar an yi wani babban abu, alhali kuwa an ɗaure ƙafar da ba ta karye ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da al'adar nan. Kujerar kocin 'yan baya ta zama abin da babban koci ke sayen lokaci da ita. In an sha kashi ya kori mai ita, jama'a su huce. In ana gunaguni ya ɗauko mai suna, jama'a su yi murna. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da yardar 'yan kallo a ke yi.

Kada a ce na mai da 'yan kallo wawaye. Akwai inda suka fi koci gaskiya, kuma ya kamata a faɗa. Lincoln Riley ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda a ke kira USC, a ƙarshen 2021, ya taho da kocin 'yan bayansa Alex Grinch daga Oklahoma. A 2022 suna da Caleb Williams, wanda ya ci lambar Heisman ta gwarzon shekara, amma Utah ta ci su 43 da 42, ta sake cin su 47 da 24. Ran 2 ga Janairun 2023 suna gaban Tulane da 45 da 30 saura minti huɗu da 'yan kai, aka tashi 46 da 45 an ci su. Magoya baya suka ce a sauya Grinch. Riley ya ƙi. Shekarar da ta biyo suka ci California da ƙyar 50 da 49, sa'an nan ran 4 ga Nuwamba Washington ta zuba musu 52, yaro ɗaya mai suna Dillon Johnson ya yi gudun yadi 256 a kansu. Kashegari Riley ya yi abin da aka roƙe shi tun wata goma da suka wuce, bayan shekarar Williams ta ƙarshe ta riga ta salwanta.

Me ya raba mutanen Los Anjalis da na Kolombus? Su na Los Anjalis abin da suka gani da idonsu suka yi hukunci a kai, a filinsu, da yaransu, mako bayan mako har shekara biyu: ana kama mutum yana zillewa, ana barin wuri fayau ba kowa. Wannan ba ya bukatar ilmin koci. Na Kolombus kuwa da na Fensilbaniya labari suka ji daga wani gari, a kan wani aiki, da waɗansu yara, suka ɗora hukuncin abin da bai auku ba tukuna. Ni a ganina ya kamata hukumar jami'a ta kasa kunne sosai ga kuka irin na farko, ta toshe kunne ga na biyu, kuma da wuya a ga ta yi haka. Riley ya yi taurin kai inda ya kamata ya saurara. Day ya yi taurin kai inda ya dace, ko da ya ke shi ma da bai ɗauki kofi wata guda kafin nan ba, ban tabbata zai iya ba. Kada a manta, ran 30 ga Nuwamban 2024 da Mishigan ta ci su 13 da 10, mutanen garin nan kansa su ke nema, har sai da aka sa masu gadi a gidansa. Kwana 51 bayan haka ya zama zakara.

Ko a USC ɗin ma labarin bai ƙare yadda masu murna suka so ba. A farkon Disamban 2023 Riley ya ɗauko D'Anton Lynn daga maƙwabtansu UCLA, aka yi ta shewa don an sami gwani kuma an cuci kishiya. Lynn ya yi aikin da aka ɗauke shi: daga maki 34 da a ke cin su a kowane wasa ya sauko da shi zuwa 24. Amma ƙungiyar da ta ci 8 aka ci ta 5 a 2023, sai ta ci 7 aka ci ta 6 a 2024, biyar daga ciki da ratar da ba ta wuce maki 7 ba. An toshe ɓarakar baya, Williams kuma ya tafi, sai ruwa ya shigo ta wani wuri.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan magana wasa ba shi ne kuɗin da ke ciki da mutanen da ke ƙasa. Ohayo da Penn State makarantu ne na jama'a, ba kamfanoni ba. Albashin Knowles na shekara guda zai biya malaman jami'a da dama. Za a ce ai kuɗin tikiti da talabijin da kyautar tsofaffin ɗalibai ne, ba na aji ba, kuma akwai gaskiya a ciki. To, amma shi ya sa muryar ɗan kallo ta ke da nauyi haka, don shi ne mai biya, kuma mai kyautar miliyoyi in ya yi fushi a kan ji. Sa'ad da aka kori Franklin, abin da ke rubuce a takardar aikinsa na sallama ya kusa dala miliyan 50, kafin daga baya a sasanta a kan abin da bai kai haka ba da ya sami aiki a Virginia Tech. Shi kam ba zai kwana da yunwa ba. Ƙananan mataimaka da ba wanda ya san sunansu, su ne ke kwashe iyali a tsakiyar shekarar karatu su nemi wani gari.

Sa'an nan ga yaran. Tun Yulin 2021 aka yarda su karɓi kuɗi da sunansu, daga 2025 kuma jami'a da kanta tana iya raba musu kuɗi, har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Shugaban wasannin Ohayo, Ross Bjork, ya faɗa cewa 'yan wasan 2024 sun sami kimanin miliyan 20. Wannan ya sa waɗansu 'yan kallo suna ganin sun sami lasin yi wa yaro ɗan shekara goma sha tara ihu a gidansu. Ya kuma nuna wani abu da masu jayayya a kan koci ba sa son ji, watau mai kuɗin tara yara irin su Downs ya riga ya ci rabin wasa tun kafin a san wa zai riƙe rediyo.

Ita ma Ohayo ba ta kai ga kofi ba a ƙarshe. Ran 6 ga Disamban 2025 Indiyana ta ci ta 13 da 10, ran 31 ga wata kuma Mayami ta fitar da ita da 24 da 14, bakwai daga ciki ma ƙwallon 'yan gaban Ohayo ne aka cafke aka ruga da shi. Ba wanda ya ambaci Patricia da mugun baki a wannan karo. Fushin ya koma kan 'yan gaba da kan Day da kansa.

Daga baya an sake raba kujeru. Knowles ya bar Fensilbaniya bayan shekara ɗaya cikin ukun da aka ƙulla, ya tafi Tennessee, inda aka kori wani don a ba shi wuri. Penn State ta ɗauko Matt Campbell daga Iowa State ya zama babban koci, shi kuma ya ɗauko D'Anton Lynn daga USC, aka karɓe shi hannu bibbiyu don ɗan gida ne, a nan ya yi wasa daga 2008 zuwa 2011. USC ta cike gurbin da Gary Patterson, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana babban kocin TCU. Yaron da ya shiga Penn State a 2023 yana ɗan baya, in bai sauya makaranta ba, Lynn ne malaminsa na huɗu cikin shekara huɗu.